Allon Kyaftin Ba Ya Hawa Bene

Zuwa ga Gwaggo,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Ya aiki, ya gajiyar hanya? Ni ma lafiya lau nake. Babana ya ce in ƙara miki godiya. Ya ce ko da yake ku 'ya'yan wa da ƙani ne, rabonku da haɗuwa tun kafin a haife ni, amma kika buɗe mini gidan mahaifinki ba tare da kin taɓa ganin fuskata ba. Allah ya saka da alheri.

Kamar yadda kika ce, ba zan kira ki daga gidan ba, domin kunnen Kaka, mahaifin naki, ya fi idonsa. A wurin aiki nake rubutu, lokacin hutun rana. An sa ni a ɗakin gwajin ruwa. Har yanzu ina cikin watannin gwaji, don haka kowace kwalba sai na duba lambarta sau biyu, har abokan aikina sun fara yi mini dariya.

Kin ce in faɗa miki halin da Kaka yake ciki, kada in ƙara kada in rage. Yana cin abinci sosai. Yana shan maganin hawan jininsa ba tare da an tuna masa ba. Yana zuwa kantin bakin titi da ƙafarsa. Shekaranjiya ya kwance fankar maƙwabciya ya mayar, ta tashi. Ya sa mini suna Digiri. Ya ce ya karanta takardar shaidar tawa daga sama har ƙasa bai ga inda aka rubuta na iya dafa shayi ba.

Abu ɗaya ne ya tsaya mini a rai, kuma na yi ta shawara da kaina kafin in rubuta shi. Kullum da yamma abokinsa, tsohon likitan haƙorin nan na dogon benen da ke tsallaken titi, yakan zo su buga wasan bagamon a bakin tagar falo. Kin san allon, na katako mai ƙunar sigari a kusurwa, wanda marigayi Kyaftin ya bar musu, mutumin da Kaka ya yi wa aikin injiniya a jirgin ruwa. Tun da kin ce ba ki taɓa koyon wasan ba, bari in bayyana kaɗan. Kowa yana da 'ya'ya goma sha biyar. Ana jefa ƙwayoyi biyu masu ɗigo irin na lido, a zagayo da 'ya'yan zuwa gida, sannan a fitar da su daga allon. Wanda ya riga gama fitarwa ya ci. Ɗa ɗaya tilo a gurbi suna ce masa maraya, ana iya cinye shi ya koma farko. Biyu a gurbi ɗaya ba a taɓa su.

A cikin wasa ashirin da na zauna na kalla, Kaka ya sha kaye a goma sha huɗu. Ba kayen ne ya dame ni ba, yadda yake zuwa ne. Sau biyu na ga Likita ya bar maraya a fili, jifar Kaka ta faɗa daidai kansa, amma Kaka ya kau da kai ya motsa wani ɗan daban. Sau da yawa kuma wasa bai yi nisa ba sai ya kwashe 'ya'yansa na baya ya gudu gida, alhali in ya tsaya yana iya samun dama.

Likita yakan ce, “Injiniya, yau ma gudu? Ai ko ɓarawo yakan waiwaya.”

Shi kuma ya ce, “Jefa, mai cire haƙori. Bakinka ya fi hannunka aiki.”

Suna dariya, amma Likita ya ja ni gefe a bakin ƙofa ya ce mini da can mutumin nan ko da ɗa ɗaya ya rage masa sai ya sa ka zufa. Ban san ma'anar wannan ba, Gwaggo. Abin da na gani kawai na faɗa: kamar ya daina wasa don ya ci.

A gaida yara.

Ɗanki

*

Ɗana,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, sai dai ƙafafuna, tsayuwar aikin nan za ta kashe ni. Ka gaida babanka, ka ce masa godiyar ta isa haka.

Na karanta takardarka a tsaye a bakin ƙofa, ko jaka ban ajiye ba. Fanka da shayi duk na ji. Layin ƙarshen ne ya hana ni sukuni.

Kai ba ka san Baba ba. Mutumin da ko lido yake yi da mu muna yara sai ya cinye mu har mu yi kuka, Inna tana masa faɗa yana cewa duniya ma ba za ta bar mana ba. Wannan mutumin ne zai ga abin ci a gabansa ya kau da kai? Ba kau da kai ya yi ba. Bai gani ba ne. Ko ya gani ya manta abin da ake yi da shi.

Haka yayarsa ta fara. Ba da mantuwar suna ta fara ba, da barin abu ta fara. Ta bar ɗinki, ta bar musu, ta bar komai, kowa yana cewa ai hankali ne na tsufa. Kafin a farga tana fita titi da takalmi ɗaya. Ba zan zauna a nan in jira a kira ni a ce an tsinci Baba a tasha bai san sunansa ba.

Na yi magana da asibiti, sun ba shi rana wurin likitan ƙwaƙwalwa, za su kira gidan su sanar da shi. In sakamakon ya nuna abin da nake tsoro, zan zo in tattara shi ya dawo wurina, ko yana so ko ba ya so. Akwai takardun da ake yi don irin wannan, na riga na tambaya. In ka ji ni shiru, to ina kan shiri ne.

Ka kyauta da ka faɗa mini. Ka ci gaba da buɗe ido.

Gwaggonka

*

Zuwa ga Gwaggo,

Assalamu alaikum. Ina fatan ƙafafun sun yi sauƙi. Mu ma lafiya, Kaka kuma lafiyarsa ƙalau.

Gwaggo, na yi kuskure, kuma ina roƙon ki karanta wannan a zaune.

Asibiti sun kira. Shi ya ɗauka. Ina kicin na ji yana cewa, “Likitan me? Wa ya ce?” Da ya ajiye sai ya zo ya tsaya a bakin ƙofa yana kallona har ruwan shayin ya tafasa ya zube. Ban iya ƙarya ba, na faɗa masa abin da na rubuta miki, kalma da kalma.

Bai yi faɗa ba. Da ya yi da ya fi mini sauƙi. Cewa ya yi, “Ashe ɗan leƙen asiri aka aiko mini, ni ina ta ba shi ƙwai biyu da safe.” Sannan ya ɗauko allon ya ce in zauna.

Ya mayar da 'ya'yan daidai yadda suke a ɗaya daga wasannin da na ba ki labari, na kwanakin baya, ba tare da ya ɓata gurbi ɗaya ba. Ni da na kalla da idon saurayi ban riƙe shi haka ba. Ya nuna marayan Likita ya ce, “Cinye shi, Digiri.” Na cinye. Ya ce, “To, yanzu dubi bayanka.”

Sai na ga abin da ban gani ba. Don in cinye marayan, na raba 'ya'yana biyu da suke tare a bakin gidan abokin wasa. Kaka yana kiransu anga, irin ƙarfen da ake jefawa ya riƙe jirgi. Muddin suna nan, duk ɗan da aka cinye maka yana da wurin sauka. Da na raba su sai na zama da marayu uku a warwatse, gidan Likita kuma ya kusa rufewa. Ya jefa a madadin Likita, ya kwashe mini biyu a jifa biyu.

Akwai dokar da ban ba ta muhimmanci ba a takardata ta farko. In abokin wasanka ya gama fitar da 'ya'yansa duka kai ba ka fitar da ko ɗaya ba, ci biyu ya yi maka, ba ɗaya ba. Su suna ce masa aski. Gudun da na ga Kaka yana yi, gudun aski ne. Da zarar ya lissafa ya ga tseren ya kuɓuce masa, ba ya zama yana fata. Yakan kwaso na bayan tun hanya tana buɗe, ya kawo kowane ɗa bakin ƙofar gida kawai, ba ya ɓarnar ɗigo ɗaya wajen shigar da shi ciki, har ya samu ya fitar da guda. Ya ce, “Ɗa ɗaya a waje, an ci ka. Babu ko ɗaya a waje, an tozarta ka. Ba su ɗaya ba ne.”

Na tambaye shi wanda ya lafe a can ƙuryar gidan abokin wasa yana jiran maraya har ƙarshe fa? Ya ce kusan sau ɗaya cikin shida zai ci, kusan sau ɗaya cikin shida kuma za a aske shi. Na je na bincika, haka ne. Na gwada shi da wata tambayar: in maraya yana gabanka lamba ɗaya tak ce za ta same shi, jifa nawa ke cin sa? Kafin in rufe baki ya ce goma sha ɗaya cikin talatin da shida, ya ƙara da cewa in ina so ya ara mini yatsunsa in ƙirga.

Na koma kan wasa ashirin ɗin da na ba ki labari. Kaye goma sha huɗu gaskiya ne. Abin da ban ƙirga ba shi ne, a cikinsu babu aski ko ɗaya. Adadin da na ba ki daidai ne, amma ba shi ne adadin da ya kamata in duba ba.

Ya ce kada in sake rubuta miki komai. Ya ce, “Bar ta ta kawo likitan. Zai tambaye ni yau wace rana, in faɗa masa, in ƙara masa da ta gobe kyauta. Kunyar yini ɗaya ce, zan iya haɗiye ta.” Amma na ga yadda ya liƙa takardar ranar asibitin a jikin firij, yana wucewa ba ya kallonta. Don Allah ki soke. Hankalin Kaka ya fi nawa.

Ɗanki

*

Zuwa ga Gwaggo,

Assalamu alaikum. Ina fatan lafiya ce ta sa na ji ki shiru. Kullum sai na tambayi mai karɓar saƙo a wurin aikinmu, har ya fara girgiza mini kai tun daga nesa.

Kin ce in na ji ki shiru kina kan shiri ne. Na ɗauka ke nan bayanina bai gamsar da ke ba, kuma na fahimci dalili. Na bar rami a cikinsa. Duk mai hankali zai tambaya: me zai sa mutum ya yarda a ci shi sau goma sha huɗu don kawai kada a aske shi sau ɗaya? A lissafin maki wannan asara ce. Na san dalilin tun ranar da ya koya mini, amma ya sa na yi masa alkawari. Yau zan karya shi, domin ba zan iya zuba ido a zo da takardu a ce wa mutumin nan ba shi da hankali saboda layin da na rubuta ba.

Lokacin da Kyaftin zai rasu ya bar musu allon su biyu, bai ce na wane ne ba. Sai suka yi doka a tsakaninsu. Duk wanda aka aske, shi zai ɗauki allon ya kai gidan wanda ya aske shi, a ci gaba da wasa a can har sai an rama. Ba maki suke nema ba, Gwaggo. Inda allon zai kwana suke nema. Shekara da shekaru allon nan yana tsallaka titi yana dawowa.

Gidanmu a ƙasa yake. Likita yana hawa na huɗu, benen kuma ba shi da na'urar hawa.

Bara, kafin in zo, allon yana sama. Wata rana Kaka yana hawa, ya kai hawa na uku, sai ƙirjinsa ya riƙe. Ya ce kamar an ɗora masa injin. Ya zube a kan matakala, hannunsa na hagu ya mutu, bai san tsawon lokacin da ya yi a wurin ba. Wata mata ta buɗe ƙofarta ta ba shi ruwa, ya ce mata santsi ne. Da abin ya sake shi bai sauko ba. Ya ƙarasa sama ya zauna ya yi wasa, domin Likita yana jira. A kwanakin da suka biyo baya ya ci gaba da hawa a hankali, yana hutawa a kowane hawa kamar mai gyara igiyar takalmi, har ya samu ya aske Likita allon ya sauko. Tun daga ranar ba a sake aske shi ba.

Likita bai sani ba. Na ce masa ai da ya faɗa masa, da ya yafe dokar. Ya ce, “Shi ne abin da nake gudu. Ranar da mai cire haƙori ya tausaya mini, ranar wasa ya mutu. Gara ya ce mini matsoraci kullum da ya ce mini sannu sau ɗaya.”

Kin gani ke nan. Kowane kaye da na ƙirga, da gangan ya saye shi, kuma ya san farashinsa. Wannan ba aikin mai ciwon mantuwa ba ne. Muddin allon yana ƙasa ba ya hawa ko'ina, kuma ni ina nan ina lura. Don Allah ki dakatar da takardun. Kuma don Allah kada ki nuna masa kin sani.

Ɗanki

*

Ɗana,

Wa alaikumus salam. Ƙaramar 'yata ce aka kwantar, aka yi mata aiki a ciki. Ta warke, alhamdu lillahi. Tsakanin gadon asibiti da wurin aiki ko gashina ban taje ba, balle in riƙe alƙalami. Shirun ke nan. Ba wani shiri.

Bari in faɗa maka abin da ba ka sani ba, ko da yake ban san amfanin faɗarsa yanzu ba. Takardarka ta biyu a gefen gadon yarinyar na karanta ta. Da na zo wurin da ya ce zai ara maka yatsunsa na yi dariya har ma'aikaciyar jinya ta leƙo. Na ce wannan Baba ne, babu abin da ya taɓa kansa. Washegari na kira asibitin na soke. Ban san ba su sanar da ku ba. Ramin da ka ce ka bari, ni ban gan shi ba. Baba ya yi abin da ya fi wannan rashin kan gado don taurin kai kawai. Na riga na bar maganar. Na bar shi da gidansa da allonsa da abokin faɗansa.

Sai ga ta uku.

Ya zube a matakala. Hannunsa ya mutu. Bara. Ni kuma ina nan ina aika masa da safa da man shafawa, ina tambayarsa a waya ya jiki yana ce mini garau. Ka rubuta mini wannan, sannan ka ce kada in nuna na sani? Kai ne za ka lura? Kana wurin aiki tun safe kana duba kwalabe, shi kuma rayuwarsa tana rataye a kan abin da ƙwayar lido ta ga dama. Ka ce ya iya lissafi. Na yarda. To ka tambaye shi sau nawa cikin talatin da shida jifa takan ci amanar gwani.

Ina bakin aiki aka kira ni aka ce Inna ta tafi. A lokacin ma Baba ya san tana ciwo, ya ce kada a tayar mini da hankali. Na iso an riga an share ɗakinta. Ba za a yi mini haka sau biyu ba. Ciwon mantuwa yana ba mutum shekaru. Zuciya ba ta sallama.

Na kira shi jiya. Na faɗa masa na sani, kuma bai tambaye ni wa ya faɗa mini ba. Ina zuwa ƙarshen wata. Likitan zuciya zai gan shi, daga nan mu taho tare. Kai ka zauna a gidan ka kula da shi, ba sai ka nemi ɗaki ba.

Ban ce ka yi laifi ba. Wataƙila ka ceci ransa. Ni dai ban san dalilin da ya sa nake jin haushinka ba.

Gwaggonka

*

Zuwa ga Gwaggo,

Assalamu alaikum. Na ji kun sauka lafiya, alhamdu lillahi. Ya gajiyar Kaka? Ya jikin ƙaramar? Gidan yana nan yadda kuka bar shi. Na biya kuɗin wuta, na mayar wa maƙwabciya tsaninta.

Kin tambaye ni a tasha ina allon yake, na ce miki yana wurin Likita. Gaskiya ne, amma ba duka ba ke nan. Ranar da kika fita karɓo takardun likitan zuciya suka yi wasansu na ƙarshe.

Likita ya shigo ba sallamar tsokana, ba komai. Kin riga kin faɗa masa. Ya zauna ya ce, “Sannu, Injiniya. Ya jikin?” Kaka ya dube shi, ya dube ni, ya ce, “Ka ji ko? Ga sannun nan.”

Wasan ya juya wa Kaka baya tun da wuri. Na ga daidai lokacin da ya kamata ya gudu, domin yanzu na iya gani. Hanya a buɗe take, da ya fita da ya tsira da kaye ɗaya. Bai motsa ba. Ya bar 'ya'yansa biyu a can ƙuryar gidan Likita ya harɗe hannu. Likita ya ce, “Fita mana.” Ya ce, “Ina zan je da sauri? An riga an saya mini tikiti.”

Can wajen ƙarshe Likita ya bar maraya. Ban sani ba ko jifa ce ta tilasta masa ko da gangan ya yi, ban kuma tambaya ba. Kaka ya daɗe yana karkaɗa ƙwayoyin a hannu. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba tun zuwana, kamar ta yaro. Ya jefa. Bai samu ba. Likita ya fitar da sauran nasa, Kaka bai fitar da ko ɗaya ba.

Likita ya ce a bar dokar, allon ya bi Kaka tafiya. Kaka ya rufe allon ya ɗaure maɗaurinsa ya ce, “Doka doka ce.” Sannan ya miƙo mini. Tun ranar da kika kira shi bai sake ce mini Digiri ba, Malam yake ce mini, kamar baƙo. Ya ce, “Malam, kai masa sama. Kai ƙafarka lafiya, bakinka ma lafiya.”

Na bi Likita muka tsallaka titi. A hawa na uku ya tsaya ya dubi matakalar ya ce, “Nan ne?” Na ce haka ya ce mini. Ya ce, “Ina sama ina zuba shayi. Da ya shigo na ce masa ya makara, ko tsoro ne ya riƙe shi a hanya.” Sai ya juyo kaina. Ya ce shekara guda yana kiran abokinsa matsoraci a gaban mutane, kuma da ya mutu bai sani ba da ya fi masa. Na ce ni gaskiya kawai na faɗa. Ya ce, “Haƙori ma gaskiya ne, amma ba kowanne ake cirewa ba. An ce kai za ka zauna a gidan yanzu?” Na ce Gwaggo ce ta ce. Ya karɓi allon daga hannuna a bakin ƙofarsa ya ce, “Ka iya wasa, yaro.” Ya rufe.

Ba don gidan na rubuta ba, Gwaggo, ke kin sani. Amma mai kantin bakin titi ma ya daina tambayata ya aiki. Ina neman ɗaki kusa da wurin aikinmu. In na samu zan bar makullin wurin maƙwabciya.

Ɗanki

*

Ɗana,

Wa alaikumus salam. Ka bar maganar ɗaki, mutane ba sa rasa abin faɗa.

An yi wa Baba aikin, an buɗe jijiyoyi biyu. Likitan zuciyar ya ce da an ƙara wata shida da labarin ya bambanta. Na faɗa wa Baba, ya ce madalla. Yana cin abinci, yana shan magani, yana gaida maigidan da ladabi kamar ɗan haya. Yakan ce wa yaran sannunku. Ni kuma tsakanina da shi to da madalla. Da ya zage ni da na samu abin riƙewa.

Na saya masa allo, mai kyau, na fata. Na jera shi a kan teburin da ke gaban kujerarsa, na zauna a ɗaya gefen da ƙwayoyin a hannuna kamar wata sakarya. Ya fito daga ɗaki ya tsaya ya duba, ya daɗe yana dubawa, sannan ya ja kujerar ya juya ta wajen taga. Kwana da kwanaki ke nan allon yana nan a jere.

Ina ganin jerin ne na ɓata, ka san shi ba ya son aikin ganganci. Ga yadda na yi, daga hoton da ke jikin kwalin. Biyu a can ƙuryar gidan abokin wasa. Biyar a gurbin ƙarshe na wancan gefen. A gefena, uku a gurbi na biyu kafin a shiga gida, biyar kuma a bakin ƙofar gida. Na ɗaya ɓangaren suna fuskantarsu daidai. Duba mini da kyau, kai da ba ka barin kuskure ya wuce. Ka faɗa mini inda zan gyara.

Gwaggonka

*

Zuwa ga Gwaggo,

Assalamu alaikum. Na yi murna da jin aikin ya yi kyau. Allah ya ƙara sauƙi. In zai karɓa, ki ce ina gaishe shi.

Na zana allon a takarda na jera yadda kika faɗa. Na duba sau biyu, na sake dubawa da safe kafin in fita.

Jerin naki daidai ne, Gwaggo. Babu inda za ki gyara.

Ɗanki